Yaya Ake Gane Mace Da Namiji A Mutum-mutumin Kaburburan Tsohuwar Japan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun tarihi. Kwanakin baya na ga hotunan wasu mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Japan da ake kira haniwa, waɗanda aka ce a kaburbura aka same su. A ƙarƙashin wani an rubuta "mace", wani kuma "namiji", amma ni dai na duba na sake dubawa, jikinsu duk kamar bututu, idanu ramuka, ban ga abin da ya raba su ba. Da me masana suke gane jinsinsu? Na kuma ji an ce an ƙirƙire su ne don su maye gurbin bayin da ake binnewa da rai tare da sarki. Ko gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idonki bai yaudare ki ba. Kin nemi jinsi a jiki ne, masu ginin haniwa kuwa ba a can suka ajiye shi ba. A kai suka ajiye shi, a gyaran gashi, sai a sutura, sai a abin da hannu ya riƙe. Gangar jikin kanta ba ta cika damunsu ba, kuma akwai dalili.

Haniwa na zamanin Kofun ne, daga tsakiyar ƙarni na 3 zuwa ƙarni na 7 miladiyya. Kofun sunan manyan tuddan da ake tarawa a kan kaburburan sarakuna da masu mulki ne, mafi shahararsu masu siffar kafar makulli idan an hango su daga sama, da gwalalo mai ruwa kewaye da su. Na Daisen da ke birnin Sakai kusa da Osaka tsawonsa ya kai mita 486. Ba a cikin kabarin ake sa haniwa ba. A waje ake jera su, a saman tudun da kafaɗunsa da bakin gwalalo, inda mai wucewa zai gani, rana ta doke su ruwa ya doke su. Haka kuma ba gumakan bauta ba ne, don babu alamar ana yi musu sujada ko yanka.

Asalinsu ma ba siffar mutum ba ce. A yankin Kibi, wato Okayama ta yau, tun a ƙarni na 2 ana gina wasu dogayen matokarai na yumɓu da ake ɗora tuluna a kansu wajen jana'izar manya. Daga nan aka samu haniwa na farko, zallar bututun yumɓu mai rami a ciki, ana kafa gindinsa a ƙasa a jera ɗaruruwa ko dubbai kamar shinge. A ƙarni na 4 aka fara yin masu siffar gida da garkuwa da laima da kwari. Mutum da doki ba su shigo sosai ba sai a ƙarni na 5, kuma kasuwarsu ta fi ci a ƙarni na 6, musamman a gabashin ƙasar, wajen Gunma da Saitama da Ibaraki da Chiba. Maginin da aka ce ya yi mutum, da hannun da ya saba da shi ya yi: ya murza yumɓu kamar igiya, ya naɗa zobe bisa zobe yadda ake tayar da randa, sannan ya liƙa hannuwa da hanci, ya yanke idanu da baki da wuƙa. Ramukan nan suna kuma taimaka wa iska da zafi su ratsa lokacin gashi don kada abin ya fashe. Ke nan bututu aka sa wa kai da tufafi, shi ya sa ba ki ga ƙugu ko kafaɗa ko ɗuwawun da za su gaya miki komai ba.

To ga abin da za ki duba. Idan kin ga wani faifai shimfiɗe a saman kai, kamar an ɗora allo an tsuke tsakiyarsa da zare, wannan mace ce. Gashi ne aka tattara, aka naɗe shi gaba da baya, aka ɗaure a tsakiya, sau da yawa da ɗan mataji soke a goshi. Japanawa suna kwatanta shi da gyaran gashin shimada na matan zamanin baya. Ɗaya daga cikin tsofaffin haniwa masu siffar mutum da aka sani kan mace ne mai irin wannan gashi, kuma daga tudun Daisen ya fito. Namiji kuwa ana raba gashinsa biyu a ɗaure a gefen kunnuwa, abin da ake kira mizura. Shi ma iri biyu ne, kuma nan ne zancen ya fara daɗi: na babban mutum dogo ne, yana saukowa har kafaɗa ko ƙirji, na talaka mai aikin ƙarfi kuwa ɗan dunƙule ne a saitin kunne don kada ya hana shi aiki. Gashi ɗaya ya gaya miki jinsi, ya gaya miki matsayi.

Daga wuya zuwa ƙugu riga kusan iri ɗaya ce ga kowa, gajera mai tsukakken hannu, ana ɗaure ta da igiya a gaba. Daga ƙugu ne hanya ta rabu. Namiji yana sa wando mai faɗi da ake tsukewa da igiya a ƙarƙashin gwiwa, mace tana sa siket da ake kira mo. Nono idan an yi shi, 'yan ƙananan dunƙulen yumɓu biyu ne aka manna a kan riga, kamar alama kawai, kuma ba kowace mace aka yi wa ba. Abin da zai ruɗe ki shi ne kayan ado. 'Yan kunne da duwatsun wuya da awarwaro, maza da mata duk suna sawa, don haka kada ki ga 'yan kunne ki ce mace. Jan fentin da ake shafawa a kumatu da kewayen ido shi ma na kowa ne. Fuska kuwa ba ta da jinsi ko kaɗan, in ban da 'yan ƙalilan da aka yi wa gemu.

Wani ɗan abu a kan rigar, tunda ke mai tarihi ce. Yawancin haniwa shafin dama na rigarsu ne a kan na hagu. A shekarar 719 fadar Japan ta ba da umarni kowa ya juya, hagu a kan dama, bisa al'adar Sin, kuma har yau haka ake sa kimono, ɗaya hanyar kuwa ta zama ta suturta gawa. Wasu kan ga haniwa su ce ai matattu aka siffanta. A'a, yayin zamaninsu ne kawai.

Ki ɗauki jarumin nan na birnin Ota a Gunma, wanda ke babban gidan tarihi na Tokiyo, haniwa da aka ayyana a matsayin taskar ƙasa a 1974. Tsawonsa santimita 130 da ɗoriya. Kwalkwali ya rufe kai da kumatu, sulken ƙananan faranti ya sauko daga kafaɗa har cinya, an fitar da kowane ɗaurin igiya a gaban sulken ɗaya bayan ɗaya, hannun dama a kan ƙotar takobi, na hagu riƙe da baka, kwari a baya. Maginin ya ɓata lokaci a kan ƙusoshin kwalkwali, amma fuskar tsaga uku ce da hanci. Ki cire sulken a zuciyarki, ba abin da zai rage. Babu damtse, babu ƙirji, babu jijiya. Mazantakarsa duk a ƙarfen da ya sa take. A 2024 an haɗa shi da wasu jarumai huɗu masu kama da shi ƙwarai, waɗanda ake ganin daga hannun magina ɗaya suka fito, ɗaya ma daga birnin Seattle na Amurka aka kawo shi. Idan kin ga hotonsu a jere, da kayan yaƙi za ki bambanta su, ba da fuska ba.

Yanzu ki dubi ƙafafu, don a ganina nan ne amsar tambayarki ta fi zurfi. Ba kowane haniwa aka yi wa ƙafa ba. Masu mulki da jarumai masu cikakken sulke, su ake ginawa daga kai har tafin ƙafa, da takalma, a tsaye bisa matokari. Mai jan doki da manomi da mai riƙe garkuwa, daga ƙugu sai bututu. Mata kuwa, mafi yawansu rabin jiki ne, siket ya buɗe ya haɗe da bututun. Cikakkiyar mace a tsaye abu ce mai wuyar samu, shi ya sa ake ji da wadda aka tono a Isesaki, ita ma a Gunma, mai riga da zanen igiyar ruwa da dogon siket mai layuka a tsaye, tsawonta kusan ɗaya da na jarumin. Akwai kuma wadda ke zaune a kan kujera daga Oizumi, da wani mayafi rataye daga kafaɗa, madubi mai ƙararrawa a ƙugu, duwatsu a wuya da wuyan hannu da idon sawu. Waɗannan manyan mata ne, kuma an ba su jiki gwargwadon girmansu. Wato yawan jikin da za a ba ka a yumɓu, matsayinka ne ke yanke shi. Za a iya cewa siket ne ya sauƙaƙa wa magini, tunda bututu da siket kusan siffa ɗaya ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ban yarda shi ke nan ba, don maginin da ya iya raba wando biyu ga sarki ya hana mai jan doki ƙafa, ya san abin da yake yi.

Masana ma suna tuntuɓe, kuma misalin da ya fi shahara shi ne haniwa biyun da wataƙila su kika gani, waɗanda aka samu a 1930 a tudun Nohara da ke Kumagaya a Saitama. Ido rami, baki rami, hannu ɗaya sama ɗaya a ƙirji, babba santimita 64, ƙarami 57. Shekara da shekaru ana kiransu mace da namiji masu rawa. Ƙaramin yana da ɗan dunƙulen mizura a kunne, to namiji ne. Babban ba shi da shi, sai aka ce mace ce, ba don an ga wata alamar mace a jikinsa ba, sai don tunanin cewa in mutum biyu suna rawa ai mace da namiji ne. Daga baya aka lura da lauje soke a ƙugun ƙaramin ta baya, aka kuma gwada su da wasu haniwa masu ɗaga hannu ɗaya da ake samu tsaye kusa da dawakai. Masani Tsukada Yoshimichi ya kawo hujjar cewa masu jan doki ne, hannun da ke sama ragama ya riƙe, laujen kuma na yankan ciyawa ne. Har yanzu akwai masu riƙe da batun rawa, amma babban gidan tarihi na Tokiyo, inda suke, ya koma kiransu "mutane masu rawa", ba tare da ambaton jinsi ba. Duk lokacin da kika ga an rubuta "mace" a ƙarƙashin haniwa, ki nemi faifan gashin da kanki.

Akwai inda jiki ke fitowa fili, sai dai ba a banza ba. 'Yan kokawa, kakannin 'yan sumo na yau, ana yin su tuɓe daga su sai bante, da ƙaton ciki da kaurin cinya, sau da yawa hannu ɗaya a ɗage. An same su a tudun Inbe Hachimanyama da ke Wakayama da na Harayama a Fukushima da wasu wurare. A Hitachinaka ta Ibaraki an tono mace rungume da jariri yana shan nono, a tudun Niwatorizuka na Tochigi kuma mace da goyo a baya. Akwai ma 'yan kaɗan, maza da mata, da aka bar tsiraicinsu a buɗe, waɗanda galibi ake fassarawa da korar mugun abu daga kabari ko fatan yalwar haihuwa. A duk waɗannan, an nuna jikin ne saboda shi ne kayan aikin: cikin ɗan kokawa daidai yake da sulken jarumi.

Nan ne ya kamata ki raba haniwa da dogu, wasu mutum-mutumin yumɓu na Japan na daban, don mutane na yawan haɗa su. Dogu na zamanin Jomon ne, sun girmi haniwa da dubban shekaru, ƙanana ne, kuma yawanci a matsugunan mutane ake samunsu a karye, ba jere a kan kabari ba. Su kam jiki ne gaba ɗaya: nono, ciki mai juna biyu, faɗin ƙugu. Shahararriyar da aka samu a Tanabatake ta Nagano, santimita 27 kacal, kusan rabinta ƙugu ne da cinya. Mai yin dogu haihuwa ce a ransa. Mai yin haniwa fada ce a ransa, wa ke zaune, wa ke tsaye, wa ke miƙa wa wani ƙoƙo.

Na ce fada don ba ɗai-ɗai ake kafa su ba, taro ake shiryawa. A tudun Imashirozuka da ke birnin Takatsuki, wanda masana da yawa ke ɗauka kabarin Sarki Keitai ne na farkon ƙarni na 6, an samu haniwa masu siffa fiye da 200 a fili ɗaya, gidaje da shinge da mata da jarumai da 'yan kokawa da tsuntsaye. A Hodota Hachimanzuka ta Gunma an sake jera fiye da 50 a inda aka same su. A irin wannan taro maza sun kwashe ayyuka iri-iri: mai mulki, jarumi, mai farauta da shaho, mai gadi, mai jan doki, har da makaɗin koto, wani dogon kayan kiɗa mai tsirkiya, wanda a yau aka fi ganinsa a hannun mata amma a haniwa yawanci a cinyar namiji yake. Mata kuwa an fi ganinsu suna miƙa ƙoƙo ko ɗauke da tulu ko kwano. A tudun Watanuki Kannonyama akwai namiji zaune ya harɗe ƙafa ya haɗa tafin hannu, mace zaune tana fuskantarsa, ga 'yan mata uku a kan matokari ɗaya.

An daɗe ana kiran kusan kowace mace a haniwa miko, wato mai hidimar alloli da shiga tsakaninsu da mutane. Ga mai madubi da ƙararrawa sunan ya dace. Ga mai tulu a ka kuwa, ina ganin an yi gaggawa, kuma wasu masana sun ce yawancinsu ma'aikatan fada ne masu kai wa mai mulki abinci da abin sha. Tudun Kabutozuka na Tochigi ya ƙara buɗe ido, don a can an samu mata zaune a masaƙa iri biyu, da sauran fenti a jikinsu. Saƙa dukiya ce a lokacin, ba aikin kashe lokaci ba.

Kada kuma ki ɗauki wannan hoton a matsayin dukan labarin matan zamanin. Ƙasusuwa suna faɗin wani abu daban. A tudun Mukonoda da ke Kumamoto, mai tsawon mita 86, na ƙarshen ƙarni na 4, wadda aka binne ita kaɗai a akwatin dutse mace ce, da madubai na tagulla da awarwaron dutse da takubba. Kafin ita, littafin tarihin daular Wei ta Sin ya ba da labarin Himiko, wata sarauniya a Japan, wadda ta aika jakadu Sin wajen shekarar 239 aka ba ta madubai 100, da ta rasu kuma namiji ya hau aka kasa zaman lafiya sai da aka naɗa yarinya 'yar shekara 13. Binciken Seike Akira a kan ƙasusuwa da kayan kabari ya nuna mata masu mulki ba baƙon abu ba ne a farkon zamanin Kofun, kuma ana binne su da takobi, amma sulke da kibiyoyi na maza ne. A ƙarni na 5, lokacin da sarauta ta koma ta doki da sulke da hulɗar yaƙi da Koriya, sai mata suka ragu a manyan kaburbura. Ki lura da lokacin. Haniwa masu siffar mutum sun fara yawa ne daidai sa'ad da ake wannan sauyi, don haka abin da suke nuna miki shi ne tsarin da ya biyo baya, namiji a kujera, mace da ƙoƙo a hannu.

Batun binne bayi da rai kuwa, labarin yana cikin Nihon Shoki, tarihin fada da aka kammala a 720. An ce a zamanin Sarki Suinin ɗan'uwansa ya rasu, aka binne barorinsa a tsaye kewaye da kabarin, suka yi kwanaki suna kuka dare da rana har suka mutu, karnuka da hankaki suka ci su. Abin ya dami sarki. Da matarsa Hibasu-hime ta rasu, sai Nomi no Sukune, wanda kuma ake jingina wa asalin sumo, ya kira magina 100 daga Izumo suka gina mutane da dawakai na yumɓu aka kafa a madadin rayayyu, sarki ya ba shi shugabancin masu aikin yumɓu, zuriyarsa ta zama dangin da Japanawa ke kira gidan Haji.

Labari ne mai daɗi, amma ƙasa ta ƙaryata shi. Da haka abin ya faru, da mutum-mutumin mutane ne za su zo farko, alhali bututu ya riga su da kusan shekara 200. Kuma tonon da aka yi a tuddan bai fito da layin gawarwakin barori a kewayensu ba, duk da cewa marubutan Sin sun ce an binne bayi fiye da 100 tare da Himiko. Lokacin da aka rubuta Nihon Shoki an daina yin haniwa da fiye da shekara 100, tun da addinin Buddha ya shigo manya suka koma gina haikali maimakon tudu. Waɗanda labarin ya fi amfana su ne gidan Haji, masu kula da jana'izar sarakuna, don ya mai da kakansu mai ceton rayuka. Duk da haka aikin gawa bai daina yi musu nauyi ba: a 781 wani reshe nasu ya roƙi fada ta canza masa suna, aka ba shi Sugawara, sunan ƙauyen da suke zaune.